Bencin Ƙofar Gidanmu

Duk wanda ya taso a layinmu nan Sango ya san bishiyar dogon yaro ta ƙofar gidanmu. Da ita ake kwatance. In baƙo ya sauka daga mota yana neman gidan Alhaji mai goro, sai a ce masa, "Miƙe kawai, in ka ga dogon yaro ka iso." A ƙarƙashinta aka ɗaura auren iyayenmu, a nan aka raɗa wa yawancinmu suna, a nan muka yi karatun allo, a nan kuma aka zauna karɓar gaisuwa ranar da Alhajin ya rasu.

A daminar 2021, wani dare da aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, muka ji wata ƙara kamar gini ya rufta. Da gari ya waye muka same ta kwance, ta tsallake kwata ta tare layi, saiwoyinta a sama. Allah ya tsare, ba ta taɓa mutum ba, sai rumfar mai shayi da wayar wuta. Kafin hantsi masu gidan burodi biyu sun turo yaransu suna tayi. Kowa ya san Agege da burodi, kuma tanda ba ta ƙoshi da itace. Masu suya ma suka zo. Baffa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, har ya fara ciniki, don a ganinsa a kwashe a buɗe wa mutane hanya shi ne gaba da komai.

Sai Hajiya ta fito. Ita kaɗai ta rage cikin matan kakanmu, kuma ta daɗe ba ta leƙo ƙofar gida ba saboda ciwon ƙafa. Ta dafa bango ta tsaya tana kallon bishiyar, sannan ta ce, "Rassan ku ba su. Amma gindin nan ba za a gasa burodi da shi ba ina raye." Baffa ya ce, "To Hajiya, me za mu yi da shi?" Ta ce, "Abin zama. Da a ƙarƙashinta ake zama, yanzu sai a zauna a kanta."

Kakanmu ne ya dasa ta. Ya zo Agege bayan yaƙin duniya na biyu, a jirgin ƙasa, kamar dubban mutanen da suka gangaro tun bayan da layin dogo ya kai Kano a 1911. Goro ya kawo su. A lokacin gonakin goro sun kewaye Agege, ana saye a ɗaure cikin huhu a loda a tasha a yi arewa da shi. Ya zo ne da niyyar ya yi shekara biyu ko uku ya tara jari ya koma. Abin da ya riƙa faɗa ke nan har ya tsufa, kuma a maƙabartar nan Agege yake kwance.

Ita ma bishiyar baƙuwa ce. Asalin dogon yaro ƙasar Indiya ne, a zamanin Turawa aka shigo da shi ƙasar nan, aka fara dasawa a Borno wajen 1928. A Kano darbejiya ake ce mata. Maƙwabtanmu Yarabawa kuwa dongoyaro suke cewa, daga bakinmu suka ji sunan suka riƙe. Yau ka ce wa wani yaro a Isale Oja wannan itace ba na ƙasar nan ba ne, dariya zai yi maka, don da ganyensa aka yi masa maganin zazzaɓi tun yana goye.

Maganar Hajiya ta zo mana da nauyi, kuma sai daga baya muka gane dalili. Mu fa a gidan nan ba mu saba da kaya masu nauyi ba. Ku duba ɗakunanmu, mu 'yan ƙasa da aka haifa a kurmi: tabarma, katifa, kujerar roba, akwatin ƙarfe a bayan ƙofa. In an tashi aurar da yarinya a je a sayo gado da kabad na irin katakon nan da ake matse garin itace da gam a lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Yana da kyau ranar jere, amma ruwa ya shiga ɗaki sau ɗaya sai ƙafafunsa su kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Kuɗin kirki kuwa gida ake aikawa, a gina ɗakuna a Kano ko Katsina waɗanda ba ma kwana a cikinsu fiye da kwana goma a shekara, ran sallah.

Ba za mu ga laifin iyayenmu ba. Sun ga 1993, lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yuni mutane suka yi ta tururuwa tasha da kaya a ka. Sun ji abin da ya faru a Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002. Wanda ya ga irin wannan ba ya sayen abin da ba zai iya jefawa a bayan mota cikin dare ba. Muna yara ana yawan ce mana baƙo raɓa ne, kuma komai daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kada. Haka muka tashi, da ƙafa ɗaya a ƙofa, alhali a nan aka binne cibiyarmu, kuma in mun je Kano 'yan uwa suna tsokanarmu wai Hausarmu ta Yarabawa ce.

To, umarnin Hajiya dai ba a tsallake shi. Muka rarraba aiki tsakaninmu jikoki. Da farko mun yi tunanin kai gungumen Oko Baba a Ebute Metta, inda masu injin tsaga katako suke bakin ruwa a lokacin, wurin da ake hango gumagumai suna iyo in mutum yana kan gadar Third Mainland. Da muka ji kuɗin ɗauka da na mota sai jikinmu ya yi sanyi. Muka nemo mai injin hannu ya zo ya tsaga a wurin.

Mutum biyu suka tsaya a kan aikin, kuma tun ranar farko ba su jitu ba. Ɗaya wani dattijo ne masassaƙi mutumin ƙasar Zazzau, da ke sayar da turmi da taɓarya da allo a bakin kasuwa. Mu Malam muke ce masa. Ɗayan kuwa kafintan layinmu ne, Bayarabe, wanda ya yi ƙofofin rabin gidajen unguwar. Kowa Baba Kafinta yake kiransa, kuma Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

Wani cikinmu ya kawo shawarar a fitar wa Hajiya turmi daga gindin. Malam ya girgiza kai. Ya ce, "Yaro, turmin dogon yaro? Sai dai in kana so a ci tuwo da ɗaci har shekara. Turmi na kirya ne. Allo na aduwa ne. Kowane icce da abin da Allah ya yi shi dominsa. Wannan ɗacin nasa shi ne amfaninsa, gara ba ta son shi. Abin zama ya dace da shi, tsohuwa ta yi gaskiya."

Da aka fara tsagawa, ba a yi rabin kamu ba injin ya yi wata ƙara, haƙoransa biyu suka tashi. Mai injin ya hau faɗa. Aka duba, ashe ƙusa ce a can cikin tsokar itacen. Kafin a gama an ciro bakwai, da guntun waya. Namu ne. Ƙusoshin da aka riƙa bugawa ana rataye fitila lokacin karatun dare, da wadda muka ɗaura ragar ƙwallo, da ta igiyar shanya. Bishiyar ta yi ta girma ta haɗiye su, kuma kowace ƙusa ta bar baƙin tabo mai tsawo a jikin katakon. Muka biya kuɗin haƙoran inji ba gardama.

An samu manyan falankai uku, kaurin kowanne inci uku, tsawon babban ya kusa ƙafa tara. Tsakiyarsu ja-ja mai duhu, gefe kuma fari-fari. Mu a zatonmu sati biyu an gama. Sai Baba Kafinta ya ce a nemi wuri mai inuwa da iska a jera su, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan uwansa, a shafe bakunansu da fenti don kada su bushe da sauri su tsage, a ɗora duwatsu a sama. Muka ce har yaushe? Ya ce ƙa'idar masu katako ita ce kowane inci ɗaya shekara ɗaya, balle a Ikko da iskarta ruwa ce zalla. Wato shekara uku. Baffa ya ce, "Shekara uku don benci? A Mushin yau ɗin nan sai in sayo katako a kasuwar Amu a buga mini kafin la'asar." Baba Kafinta ya ce, "Gaskiya ne Alhaji. Kuma kafin baɗi ka sake kirana in gyara."

Haka falankan nan suka zauna a zaure suna cin wuri. Duk wanda ya yi tuntuɓe da su sai ya yi mita. Mu kuma abin da ke ranmu, wanda ba mai furtawa, shi ne ko Hajiya za ta kai. Duk sanda jikinta ya motsa sai wani ya je ya ƙwanƙwasa katakon ya saurara, kamar hakan zai sa ya yi sauri.

Da lokaci ya yi, a farkon 2024, rigimar gaske ta tashi. Baba Kafinta ya zo da igiyar awo da zarto zai daidaita gefe da gefe, ya fitar da kusurwa huɗu kamar kowane benci. Shi a wurinsa aikin da bai miƙe ba aikin koyo ne, kuma sunansa ne a kai. Malam ya dafa falankin ya ce ba za a yanke ba. Bishiyar tana da wani lanƙwaso a tsakiya, inda ta karkata tana neman rana ta kauce wa bangon gidan. Malam ya ce, "Shekara saba'in tana yin wannan gwiwar, kai kuma za ka cire ta cikin minti biyar. In kun miƙar da shi ya zama katakon kowa. Wa zai gane ta?" Baba Kafinta ya ce mutane za su ce bai iya aiki ba. Aka kai magana gaban Hajiya. Ta ce, "A bar mata kamanninta."

Mun zauna mun kalli yadda Malam yake aiki, kuma a nan muka gane bambancin sassaƙa da kafinta. Kafinta yana zuwa da siffar a kansa ko a takarda, ya sa katako ya bi. Masassaƙi kuwa sai ya juya icce ya dube shi tukuna. Haka iyayensa suka yi: reshe mai gwiwa shi ne ƙotar fartanya, mai baki biyu shi ne gwafa, guntun gindi shi ne kujera 'yar tsuguno, a fafe ta daga icce ɗaya ba haɗi ba ƙusa. Da gizago ya ɓare ɓawon, ya bi gefen a hankali yana cire ruɓaɓɓen wuri kawai, duk wani tudu da kwari ya bar shi. Inda reshe ya taɓa fita ya bar gurbin, ya goge shi har ya zama wurin da hannu ke faɗawa da kansa in an zauna.

Ƙafafun kuwa daga manyan rassa biyu masu baki biyu aka yi su, waɗanda Malam ya ɓoye tun ranar farko kafin masu burodi su kwashe. A nan gwanintar Baba Kafinta ta fito. Ya huda rami a cikin falankin, ya fere kan kowace ƙafa ta shige daram, ya tsaga bakinta kaɗan ya buga tsinken katako ya ƙulle. Babu ƙusa ko ɗaya. Ya ce bishiyar ta sha ƙusa ta ishe ta.

Saura tsaga. Duk da fentin da aka shafa, hunturun shekara ta biyu ya buɗe babban falankin daga baki ɗaya, tsawon kamu biyu. Mun ɗauka ya lalace. Baba Kafinta ya yanko ƙananan katako masu faɗin kai biyu da siririn ƙugu, ya sassaƙa musu gurbi a kan tsagar ya dasa su a gicciye guda uku, suka riƙe ɓangarorin biyu. Malam ya duba ya yi dariya ya ce, "Ashe kai ma gyartai ne." Haka ne kuwa, ɗinkin ƙwarya ne aka yi wa katako, ɗinkin a fili ba a ɓoye shi ba. Daga ranar suka daina musu.

Wata ƙanwarmu da ke karatun zanen gine-gine ta nuna mana a waya cewa abin da muke ta jayayya a kai sana'a ce babba a duniya. Akwai wani George Nakashima, Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya rasu a 1990, wanda ya yi suna da irin wannan aiki a garin New Hope na jihar Pennsylvania: teburi da benci da aka bar musu gefensu yadda bishiya ta yi shi, da irin wannan ɗinki a kan tsaga. Kayansa suna gidajen tarihi yanzu. Muka nuna wa Malam hotunan. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ya san icce." Bai ƙara komai ba.

Abin ya sa mu tunani a kan itacen ƙasarmu. Madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira kosso, an yi shekaru ana sare ta a dazukan Taraba da maƙwabta ana cika kwantena ana fitarwa ta tashoshin ruwan Legas zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujeru masu tsada da ita. Abin ya yi yawa har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Manyan motocin sun bi ta hanyoyin da muke bi kullum. Mu kuma muna nan muna sayen garin katako da gam muna kai wa 'ya'yanmu ɗakin miji. Ba muna cewa a je a sare bishiya mai rai don a yi benci ba, Allah ya kiyaye. Inuwa ta yi ƙaranci a Agege, duk wanda ya tsaya jiran mota a Pen Cinema da rana tsaka ya sani. Muna maganar wadda iska ta kayar ne, ko wadda gini ya ci, irin waɗanda kullum ake yi wa gunduwa-gunduwa a kai tanda.

Ranar da aka gama, Baba Kafinta ya so ya fesa masa man sheƙi. Malam ya ce a shafa man kaɗe a goge da tsumma, a maimaita. Wannan karon Baba Kafinta da kansa ya ce Malam ya fi shi gaskiya. Jan katakon ya fito, baƙaƙen tabon ƙusoshin nan suka fito su ma, kowa yana nuna tasa.

Sai da mutum shida suka ɗauke shi daga zaure zuwa ƙofar gida, suna nishi. Da aka ajiye, Baffa ya zagaya shi, ya gwada ɗaga gefe ɗaya bai motsa ba. Sai ya faɗi abin da ke cikin kowa. Ya ce, "To, in wani abu ya taso, Allah ya sawwaƙe, wa zai ɗauki wannan?" Aka yi tsit. An riƙo Hajiya an zaunar da ita daidai wurin lanƙwason. Ta shafa katakon ta ce, "Wanda ya dasa ta ma ba ku ɗauke shi ba, yana nan kwance. Ku zauna."

Muka zauna. Ba za mu ce maganar ta warware komai ba. Akwatin ƙarfe yana nan a bayan ƙofa, kuma har gobe Baffa yana aika kuɗin bulo gida, mu ma muna sa hannu, don zumunci ne kuma asali ne. Amma a wannan shekarar uku daga cikinmu sun je sun mayar da katin zaɓensu nan Agege, wanda da sai su ce ai na gida ya isa. Ɗaya kuma ya fasa sayen fili a can ya gyara rufin ɗakin mahaifiyarsa a nan, wanda ya yi shekara goma yana yoyo ana cewa ai zaman na ɗan lokaci ne.

Falanki na biyu an yi teburin da yara ke ɗora allo da littafi a zaure. Na uku Hajiya ta ce a ajiye. Daga guntayen gindin Malam ya fafe kujeru 'yan tsuguno huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar uwarta, don kowace ta bi yadda guntunta yake. Hajiya ta ce duk jikar da za a kai ɗaki a sa mata ɗaya cikin kaya. Ta farko tana Ikorodu yanzu, kuma mai ita ta ce duk kayan jerenta ita ce kaɗai baƙi ke tambayar inda aka saya.

Abin da ya dame mu shi ne Malam ba shi da yaro ko ɗaya da ke koyo. 'Ya'yansa suna acaɓa da sayar da waya. Ya ce turmin roba da injin markaɗe sun kashe kasuwa, wa zai ba ɗansa gizago? Baba Kafinta yana da yara biyu, amma aikin gam da leda suka fi so don shi ke kawo kuɗin yau. Mun tura ƙaninmu ɗaya yana zuwa wurin Malam ranar Asabar da Lahadi. Ya yanke yatsa sau biyu, bai daina ba tukuna. In akwai mai yaron da hannunsa ke son irin wannan aiki, ya zo mu haɗa su, tun dattijon yana da ƙarfi.

Kuma in iska ta kayar da bishiya a gidanku, kada ku yi saurin karɓar tayin farko. Ku ba da rassa, ku riƙe gindi. A tsaga shi da kauri, a jera a inuwa da sanduna a tsakani, a shafe bakin, a yi haƙuri. Ku nemi wanda zai dube shi kafin ya yanka.

A ramin da saiwoyin suka bari mun dasa wani dogon yaron, daga 'ya'yan tsohuwar da suka tsiro a bayan gida. Ya wuce tsayin mutum yanzu, amma inuwarsa ba ta kai ta rufe bencin ba, don haka da rana sai an kafa lema. Da yamma kuwa wurin cike yake: masu jiran sallah, Baba Kafinta da rediyonsa, mai shayi da ya sake kafa rumfarsa. Jiya muka ji wani yaro yana yi wa baƙo kwatance, yana cewa, "Miƙe kawai, in ka ga wani karkataccen benci ka iso."

Allah ya jiƙan wanda ya dasa, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya. Wanda ya biyo ta layin, bismillah, akwai wurin zama.